Yadda tsohon sojan Amurka zai nemi a gyara fayil ɗinsa don a ba shi lambar Purple Heart

Na daɗe ina zama da 'yan mazan jiya a nan Amurka ina taya su haɗa takardu. Wasunsu haifaffun ƙasar ne, wasu kuma yaranmu ne da suka taso daga zangon Kumasi ko Yamai ko Kano, suka sauka Bronx, suka shiga soja, aka tura su Iraki ko Afganistan. Kusan duk wanda ya zo mini da maganar rauni, abin da yake fara yi shi ne ya naɗe hannun riga ya nuna mini tabo. Nakan ce masa na gani kuma na yarda, sai dai mutanen da za su yanke hukunci ba za su ga hannun nan ba har abada. Takarda za a ajiye musu a kan tebur.

Purple Heart ita ce lambar da ake bai wa sojan Amurka da abokan gaba suka ji wa rauni, ko a bai wa iyalansa idan ya rasu a fagen daga. Tun 1932 ake bayar da ita a siffarta ta yanzu, da hoton George Washington a tsakiyar zuciya mai launin shunayya. Ta bambanta da sauran lambobin yabo da abu guda: ba sai wani babba ya yaba maka ba. Idan ka cika sharuɗɗa, haƙƙinka ce. Sharuɗɗan uku ne. Raunin ya zo ta hannun abokan gaba, tsananinsa ya kai a ce sai likita mai muƙamin hafsa ya duba shi, sannan an rubuta jinyar a takardun soja. Duk aikin da zan bayyana a ƙasa, neman takardar da za ta tsaya wa kowane ɗaya daga cikin ukun nan ne.

Kada wani ya ce maka wahalar banza ce. Lambar ba ta zuwa da albashin wata, amma tana sa ka a rukuni na 3 wajen jinya a asibitocin ma'aikatar tsofaffin sojoji, wato VA, tana ba ka fifikon maki 10 wajen neman aikin gwamnatin tarayya, kuma wanda ya samu raunin daga 11 ga Satumba 2001 zuwa yau yana da cikakken tallafin karatu komai gajartar zamansa a soja.

Kayan aiki

Takardar sallama daga soja, DD 214. Ita ce uwar tafiya.
Fom SF 180 na neman fayil.
Fom DD 149 na neman gyara. Sauko da sabon bugu daga intanet, kada ka kwafi tsohon da wani ya ajiye a durowa.
Fom DA 2823 na bayanin rantsuwa, idan sojan ƙasa ne. Idan babu, farar takarda da aka sa wa hannu a gaban mai hatimin rantsuwa ta wadatar.
Takardar odar da ta tura ka yaƙi.
Duk wata takardar asibiti da ke hannunka, har da wadda ta yi ƙura kake ganin ba ta da amfani.
Wasiƙun da ka aiko gida a lokacin, hotuna masu kwanan wata, tsofaffin saƙonnin imel.
Babban fayil mai zobe, alƙalami mai haskaka rubutu, da wurin yin fotokwafi.

Gargaɗi tun kafin a fara: kada ka aika asalin kowace takarda. Kwafi ake aikawa, asali ya zauna a gida.

1. Nemo fayil ɗinka gaba ɗaya

Fayilolin tsofaffin sojoji suna cibiyar adana takardun ma'aikata ta ƙasa da ke St. Louis a jihar Missouri. Ka cike SF 180 ko ka nema ta shafinsu na intanet. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya rubuta yana son DD 214 kawai, a aiko masa da takarda ɗaya, ya yi asarar watanni. Rubuta ɓaro-ɓaro cewa kana son kwafin duk abin da ke cikin fayil ɗin, har da na lafiya. Ga tsohon soja da magadansa kyauta ne, sai dai idan sallamar ta haura shekara 62, lokacin fayil ɗin ya koma kayan tarihi, ana biyan kuɗin kwafi. Waɗanda aka sallama a shekarun baya-bayan nan, fayil ɗinsu yana kwamfutar rundunarsu, ana iya nema ta shafin milConnect.

2. Karanta shi kamar mai neman aibinsa

Duba gurbin lambobin yabo a DD 214, gurbi na 13 ne a fom na yanzu. Daga nan ka bi fayil ɗin shafi-shafi. Wani lokaci faɗuwa takan zo daidai da zama: odar da ta ba ka lambar tana nan a ciki, magatakarda ne ya manta bai sa ta a takardar sallama ba. Wannan gyara ne mai sauƙi, ka aika kwafin odar, a ba ka takardar gyara.

Idan babu oda, nemi sawun raunin. Ga sojan ƙasa na zamanin Biyetnam, duba fom DA 20, gurbi na 40, inda ake rubuta raunuka. Ga na Yaƙin Duniya na Biyu, takardar sallamarsu tana da gurbi na 34 na raunukan da aka samu a daga. Ka kuma duba gwajin lafiyar da aka yi maka ranar sallama. A nan mutane da yawa suka sare wa kansu ƙafa ba su sani ba: ɗokin gida ya sa suka ce wa likita lafiyarsu lau don kada a tsare su. Idan haka ta faru da kai, kada ka ɓoye. Hukumar gyaran fayil, wadda za ta yanke hukunci, za ta gani ko ka so ko ka ƙi, gara ka riga ta faɗa, ka bayyana dalili.

Kafin ka ci gaba, auna raunin naka da gaskiya. Harsashi, tartsatsin bam, nakiyar gefen hanya, ƙuna daga harin abokan gaba, hatsarin mota ko jirgi da wutar abokan gaba ta jawo, duk suna ciki. Harbin kuskure daga naku ma yana ciki, muddin a tsakiyar faɗa ne ana nufin abokan gaba. Abin da ba ya ciki: bugun zafin rana, cin sanyi a yatsu, cuta, hatsarin da babu hannun abokan gaba, ƙarar kunne, da ciwon firgicin yaƙi da ake kira PTSD. Na san wannan na ƙarshen yana yi wa mutane ciwo, don na ga waɗanda ya fi harsashi lalata wa rayuwa. Amma ƙa'idar ke nan, kuma maganarsa a VA ake yin ta, can ana biyan diyya a kansa.

3. Farauto takardun jinya

Nan ne aikin yake, nan kuma zan daɗe.

Takardar da ta fi kowace nauyi ita ce wadda aka rubuta ranar da abin ya faru ko a kwanakin da suka biyo. Nemi SF 600, takardar da likita ke rubuta abin da ya gani da abin da ya yi. Nemi katin DD 1380 da ake ɗaura wa wanda ya ji rauni a fili, da katin rahoton rauni DA 1156. Layi biyu na rubutun hannu a kan SF 600 da ke cewa an cire ƙarfe daga cinya bayan harin roka sun fi shafi hamsin na binciken da wani ƙwararre ya yi maka bayan shekara goma.

Abin da yawancin mutane ba su sani ba: idan an kwantar da kai a asibitin soja, takardun kwanciyar ba sa cikin fayil ɗinka. Ana ajiye su da sunan asibitin da shekarar. Dole ka nema daban, ka faɗi sunan asibitin ko lambarsa, da wata da shekara. Wanda aka kwasa daga Iraki zuwa asibitin soja na Landstuhl a Jamus, ya nemi na wurare biyun. Haka kuma ka nemi kwafin fayil ɗinka na VA, domin daga shekarun 1990 zuwa ƙarshen 2013 can aka riƙa tura takardun lafiyar waɗanda aka sallama.

To idan ƙaramin ma'aikacin jinya na rundunarku ne ya ɗaure ka, ba ka ga likita ba? Ƙofa ba ta rufe ba. Ƙa'ida ta yarda da wannan jinya idan likita hafsa ya rubuta cewa raunin ya kai wanda likita zai duba da a ce akwai shi a wurin. Ka nemi likitan bataliyarku na lokacin. Da yawansu suna nan, sun koma aiki a asibitocin gari, kuma sukan amsa.

Girgizar ƙwaƙwalwa ita ce ta fi ba da wuya, don ba jini ba tabo. Tun 2011 aka fayyace ƙa'idarta. A wurin sojan ƙasa, ko dai ka suma, ko kuma likita ya hana ka cikakken aiki fiye da awa 48 saboda alamun da suka ƙi tafiya, irin su jiri, amai, mantuwa, ciwon kai mai tsanani. Hutun awa 24 da ake tilasta wa duk wanda bam ya tashi kusa da shi ba ya shiga lissafi, haka ma a miƙo maka ƙwayar ciwon kai a ce ka koma aiki. Don haka takardar da kake nema ita ce ta gwajin ƙwaƙwalwa na MACE da aka yi maka bayan fashewar, da takardar da ta rage maka aiki, mai kwanan wata. Kada ka karaya don an taɓa hana ka. Bayan makamai masu linzami na Iran sun faɗa sansanin Al Asad a Iraki ranar 8 ga Janairu 2020, an tabbatar da girgizar ƙwaƙwalwa ga sojoji fiye da 100, amma 39 daga cikinsu sai a Disamba 2021 aka amince musu da lambar, bayan an sake duba takardunsu.

Idan takardun sun ƙone fa? Ranar 12 ga Yuli 1973 gobara ta tashi a cibiyar St. Louis ta cinye fayiloli miliyan 16 zuwa 18. Kusan kashi 80 cikin ɗari na sojan ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da farkon 1960 sun tafi, da kusan kashi 75 na sojan sama na 1947 zuwa farkon 1964 waɗanda sunan iyalinsu ya zo bayan Hubbard a jerin haruffa. Mai nema wa kakansa da ya yi yaƙin Koriya zai iya cin karo da wasiƙar da ke cewa fayil ɗin ya ƙone. Kada ka tsaya a kanta. Rahoton safiya na kamfani, wanda ake rubuta wanda ya ji rauni da wanda aka kai asibiti kowace rana, yawancinsa ya tsira. Akwai kuma bayanan katin kwantarwa na ofishin babban likitan soja, na shekarun 1942 zuwa 1945 da 1950 zuwa 1954. Don a nemo maka rahoton safiya sai ka san kamfani da bataliya da watan da abin ya faru, ba a bincikensa da suna kaɗai. Ga na Biyetnam akwai jerin sunayen waɗanda suka ji rauni, hukumar ma da kanta takan duba shi.

4. Shaidu biyu

Sojan ƙasa na son bayanin aƙalla mutum biyu, ban da kai, waɗanda suke wurin kuma suka gani da idonsu. Facebook ya sauƙaƙa wannan, kusan kowace bataliya tana da zauren tsofaffinta.

Kowane shaida ya faɗi sunansa, muƙaminsa da rundunarsa a lokacin, inda yake tsaye, abin da ya gani, wanda ya yi maka jinya. Ya haɗa da kwafin DD 214 ɗinsa don a ga lalle yana can. Kada ka rubuta musu. Na taɓa yin wannan kuskure da farkon farawata: na tsara bayani ɗaya mai kyau na ba mutum biyu suka sa hannu, kalma ba ta bambanta da kalma ba. Duk mai karatu ya san hannu ɗaya ne ya rubuta, kuma nauyinsu ya zube. Bari kowa ya faɗa da bakinsa. Idan ɗaya ya ce da hantsi ne ɗaya ya ce wajen azahar, ba komai, haka tunawar mutane take.

Bayanin matarka ko mahaifiyarka cewa ka dawo ka canza yana da amfani a VA. A nan ba ya tabbatar da komai.

Idan shaidun sun rasu ko sun ɓace, nemi rahoton harin da rundunar ta rubuta, ko odar da ta bai wa wani lambar a kan harin nan guda. Idan direban motarku ya samu tasa a fashewar da kake magana, an gama da sharaɗin hannun abokan gaba.

5. Rubuta naka bayanin

Shafi ɗaya. Rana, wuri, runduna, abin da abokan gaba suka yi, inda ya same ka a jiki, wanda ya duba ka, dalilin da ya sa ba a rubuta ba. Bayan kowace magana ka nuna takardar da ta goyi bayanta: duba takarda ta 3, duba takarda ta 7. Ka sa wa takardun lamba, ka haskaka layin da kake so a gani. Inda ba ka tuna rana ba, ka ce wajen tsakiyar wata kaza. Kada ka ƙirƙiro, kada ka ƙara gishiri. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a ƙasan fom ɗin an rubuta cewa ƙarya a cikinsa laifi ne da kan kai mutum kurkuku har shekara 5.

6. Fara da ofishin lambobin yabo na rundunarka

Mutane sukan tsallake wannan su tafi kai tsaye hukumar gyara, a dawo musu da takardunsu ba a ko buɗe ba. Doka ta ce sai ka ƙure ƙananan hanyoyi tukuna. Sojan ƙasa ya aika sashen lambobin yabo na Fort Knox a Kentucky. Sojan ruwa, Millington a Tennessee. Sojan kundumbala na Marine, Quantico a Virginia. Sojan sama, cibiyarsu ta ma'aikata da ke San Antonio a Texas. Aika ta gidan waya da rasit mai nuna an karɓa. Idan sun amince, ka huta. Idan sun ƙi, adana wasiƙar, ita ce tikitinka na mataki na gaba, kuma a cikinta za ka ga wane sharaɗi suka ce bai cika ba.

7. Cike DD 149

Kowace runduna tana da hukumar gyaran fayil, ta fararen hula manyan ma'aikata, waɗanda sashe na 1552 na kundi na 10 na dokokin Amurka ya ba ikon gyara kuskure ko kawar da zalunci. Ta sojan ƙasa da ta sojan ruwa suna Arlington, ta sojan sama tana sansanin Andrews a Maryland. Adireshinsu yana jikin fom ɗin.

Ka san abu biyu game da su. Ba sa fita bincike, abin da ka kawo da abin da ke fayil shi suke dubawa. Sannan suna farawa da zaton cewa abin da soja ta rubuta daidai ne, kai ne za ka rinjayar da sikeli.

A gurbin abin da kake so a gyara, faɗi shi a fili: a ba ni lambar Purple Heart saboda raunin rana kaza a wuri kaza, a kuma sa ta a DD 214. Kada ka rubuta "a yi mini adalci" ka tsaya nan.

Sai maganar shekara 3. Doka ta ce a nema cikin shekara 3 daga ranar da ka gano kuskuren, amma hukumar tana da ikon yafe jinkiri idan adalci ya buƙata, kuma takan yafe. Abin da ba ta so shi ne a bar gurbin fanko. Faɗi gaskiya: ban san ƙa'idar ta canza ba, ko sai bara na samu takardun asibiti. Ƙa'idoji kan canza ɗin kuwa. Waɗanda aka harba a sansanin soja na Fort Hood da ke Texas a 2009 sai a 2015 suka karɓi tasu, bayan majalisa ta faɗaɗa dokar.

Idan sojan ya rasu, matarsa ko ɗansa ko magajinsa na iya sa hannu, da takardar mutuwa da shaidar dangantaka. Kafin ka aika, shiga ɗakin karatun hukumomin a intanet, inda suke buga hukuncinsu an goge sunaye. Karanta goma na Purple Heart, rabi da aka bayar rabi da aka hana. Za ka fi sanin abin da suke nema fiye da duk abin da zan faɗa maka. Kada ka biya kowa kuɗi a wannan mataki: ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV, VFW da American Legion suna da wakilai da ke yi kyauta, haka ma ofishin tsofaffin sojoji na gundumarku.

8. Jira, amma kada ka yi barci

Doka ta ba su wata 10 su gama kashi 90 cikin ɗari na ƙorafe-ƙorafe, wata 18 su gama duka. A aikace ka shirya wa shekara ɗaya ko fiye. Idan ka tashi daga gida, sanar da su sabon adireshi a makon. Dalili kuwa, hukumar takan nemi ra'ayin likitanta ko na ofishin lambobi, ta aiko maka kwafi, yawanci ta ba ka kwana 30 ka mayar da martani. Na ga magana mai ƙarfi ta mutu don wasiƙar ta je tsohon gida. Idan ta zo, amsa ta layi-layi, da takarda, ba da ɓacin rai ba. Ɗan majalisar mazaɓarku na iya tambayar inda aka kwana, amma ba zai iya juya hukunci ba.

9. Bayan hukunci

Idan an amince, za a fitar da oda, a aiko da takardar shaida da lambar, a kuma gyara takardar sallamarka, ko da fom DD 215 ko da sabuwar DD 214. Kai kwafi VA da kanka, kada ka ɗauka labarin zai isa can shi kaɗai.

Idan an ƙi, karanta dalilin a natse, yawanci sakin layi ɗaya ne kusa da ƙarshe. Kana iya neman a sake dubawa, amma sai da hujjar da ba su taɓa gani ba. Sake aika tsofaffin takardun da doguwar wasiƙa ba ya motsa su. Idan sun ce babu shaidar jinya, koma mataki na 3 ka nemi likitan nan ko takardun kwanciya. Idan sun ce babu shaidar hannun abokan gaba, koma na 4. Bayan wannan sai kotun tarayya, wadda ke da wa'adin shekara 6 daga ranar hukunci. A nan kam ka nemi lauya, kuma makarantun koyon shari'a da dama suna da ofishin da ke ɗaukar irin wannan ƙara kyauta.